Neman Kete a Bakin Tafkin Volta

Jirginmu ya taso daga Yeji, a ƙasar Ghana, tun kafin kiran assalatu. A kan benci na kwana, jakata ce matashi, na lulluɓe har kai da mayafi saboda iskar hunturu ta kan ruwa ta fi ta tudu shiga ƙashi. Da gari ya waye hazo ya rufe ko'ina, ba a ganin gaɓar gabas balle ta yamma. Abin da ido ke kamawa kawai kututturan bishiyoyi ne, baƙaƙe, ba ganye ba ɓawo, suna leƙowa daga ruwa ɗaya bayan ɗaya, wasu da tsuntsu zaune a kansu. Daji ne guda ruwa ya haɗiye yana tsaye, kuma fiye da shekara hamsin ke nan itatuwan ba su faɗi ba. Matuƙin jirgi ya san hanyarsa a tsakaninsu kamar yadda mutum ya san lungun unguwarsu.

Jirgin na kaya ne kafin ya zama na mutane. Doya yake kwasowa daga garuruwan arewacin tafkin ya kai Akosombo, inda madatsar ruwan take, daga can motoci su wuce da ita Accra. Mu fasinjoji muna raɓe ne a sama, ƙasa kuwa manyan akwatunan katako ne jere, waɗanda aka taho da su wayam daga kudu ake cika su a hanyar komawa. Tafiyar takan ci yini da kwana har da ɗoriya, gwargwadon yawan kayan da aka tarar a kowace kwata. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka ja muka tsaya a Kete Krachi. Da na hangi tulin doyar da ke jiran mu a bakin ruwa, an jera ta kamar bulo an rufe da ganye, na san ba yanzu za mu tashi ba.

Wani matashi cikin ma'aikatan jirgin, wanda tun daren jiya muke gaisawa da Hausa, ya ga ina ta kallon tudu. Ya ce, "Malam, sauka ka sha iska. Doya ya yi yawa, har la'asar ba mu gama ba. In ka ji ƙaho ka dawo." Na bar jakata wurin wata Hajiya mai fataucin doya da muka yi maƙwabtaka a benci, na rataya butata, na bi bayan 'yan dako na sauka.

Ban faɗa masa ba, amma saboda wannan garin na zaɓi hanyar ruwa, alhali da mota na bi daga Yeji da tuni na kai Kumasi. Kakan mahaifina bafatake ne, cikin Agalawan Kano masu zuwa Gwanja sayo goro. Su kan fita da jakuna ɗauke da kanwa da baƙin rini da jan fata, madugu a gaba, su yi wata da watanni a hanya, su tsallake Kwara, su ratsa Borgu, su bi ta Zugu da Yendi har Salaga, inda goron dajin Ashanti, waɗanda su ke kira Tonawa, yake jiran su. A gidanmu sunan Gwanja bai taɓa mutuwa ba. Kakana yana da wasu 'yan takardu na ajami a cikin gafaka, kuma in ya ji daɗi bayan sallar isha'i yakan rera baitoci daga ciki, ya ce na Alhaji Umaru ne na Kete Krachi. Tun ina yaro nake jin sunan garin kamar wata unguwa ce ta bayan ganuwa. Kwana uku kafin wannan ranar na je Salaga, na ga tsoffin rijiyoyinta da filin da aka yi cinikin bayi, na sauko Makango na tsallaka zuwa Yeji. Kete ce ta rage mini.

Bakin kwata ya cika maƙil. Kwalekwale dogaye masu inji a gindi suna ta isowa daga tsibirai da ƙauyukan ƙetare, an rubuta musu sunaye da addu'o'i a jiki da fenti mai haske. Mata na tarar su tun kafin su taɓa ƙasa, ruwa har gwiwa, kowace da babban daro a ka. Karfasa ce ta fi yawa, sai tarwaɗa da ƙurungu, da wasu 'yan mitsi-mitsin kifaye da ake soyawa ƙarau a ci da barkono. Can gefe murhunan laka ne a jere, an ɗora ragar waya hawa-hawa ana banda, hayaƙin yana haɗuwa da hazo har ido ya yi ta ruwa. Yawancin masuntan ba 'yan asalin wurin ba ne. Mutanen Ewe ne da na Ada da suka biyo kifi daga ƙasan kogin bayan da aka datse shi. Harsuna huɗu ko biyar na ji a wannan ɗan fili, amma da ciniki ya yi zafi tsakanin wata mai kifi da wani mai baro, sai na ji sun koma Hausa.

Daga kwata zuwa cikin gari akwai 'yar tafiya, hanyar tana hawa a hankali. Masu babur sun yi ta tsayawa suna tayi, na yi musu godiya na ce da ƙafa nake so. Jan ƙasa, bishiyoyin mangwaro da darbejiya, awaki gajeru irin na kurmi suna kwance a inuwa. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne tsarin gidajen. Na taho ne da hoton tsohon zango a raina, lunguna masu karkacewa, zaure na kallon zaure, katangun ƙasa da suka ga shekaru. Sai na tarar da layuka miƙaƙƙu, gidaje masu rufin kwano, da yawansu tsakiyarsu iri ɗaya ce sak, sai dai kowa ya yi ƙari a gefe gwargwadon ƙarfinsa, wannan da bulo, wancan da laka. Garin da aka zana a takarda kafin a gina shi ba ya ɓuya.

Yunwa ta kai ni gindin wata rumfa inda wata dattijuwa ke sayar da shinkafa da wake, wadda a nan ake ce wa waakye. Da ganyen karan dawa ake dafa ta, shi ke ba ta wannan jan launi, a zuba mata baƙin yaji mai kifi da garin rogo da dafaffen ƙwai. Sunan ma daga bakinmu ya fito, haka koko da ƙosai da tuwon zafi da ake ci a duk faɗin Ghana. Na yi sallama, ta ɗago ta dube ni.

"Baƙo ne. Daga Najeriya?"

"Daga Kano, Hajiya."

Ta ajiye ludayi ta kira 'yarta daga ciki, wai ta zo ta ji Hausar Kano. Hausarsu ta zango ba ta raba mace da namiji, "yarinya ya zo," "uwana ya tafi kasuwa," kuma ƙ da ɗ sun sassauta a bakinsu. Akwai mutanenmu da ke dariyar wannan in sun ji, ni kuwa ban ga abin dariya ba. Harshen da ya yi tafiyar wata uku a ƙafa, ya zauna cikin Gonjawa da Dagomba da Kotokoli da Yarbawa fiye da shekara ɗari, ya zama shi ne abin da duk suke haɗuwa a kai a masallaci da kasuwa, ai ya cancanci a gaishe shi. Na tambaye ta hanyar tsohon gari, inda Alhaji Umaru ya zauna. Ta yi ɗan shiru, sannan ta ce in je masallaci in an yi azahar in tambayi tsofaffi, su za su fi ta iya faɗa mini.

Kafin azahar na zaga kasuwa. Ba ranar cinta ba ce, rumfuna da yawa a rufe, amma layin masu doya a buɗe yake, da masu garin rogo, da masu gyaran injin kwalekwale da hannuwansu baƙi ƙirin da mai. Na ga mai goro guda ɗaya tak, da ɗan faranti da jiƙaƙƙen tsumma a kai. A garin da goro ya kafa! Na sayi biyar don kada in shiga wurin dattawa hannu rabbana.

Ga yadda garin ya samu. Krachi tsohon gari ne na mutanen ƙasar, masu harshensu na Kaakye da sarkinsu Krachiwura, kuma sunansu ya yi nisa saboda wurin bautar Dente, wanda har sarakunan Ashanti kan aiko a yi musu tambaya a can. Kete kuwa zangon baƙi ne a gefensa. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874 hanyar goro ta rikice, sannan a 1892 yaƙin basasa ya tashi tsakanin masu sarautar Gwanja, Salaga ta watse. Fatake da malamai suka bazu, da yawansu suka gangaro Kete, ƙaramin zango ya zama babbar kasuwa cikin 'yan shekaru. Jamusawa suka iso suka kafa bariki a 1894, suka kashe babban mai kula da Dente, garin ya shiga cikin Togo ta Jamus. Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, asalin gidansu Kabi, yana cikin waɗanda suka baro Salaga. A Kete ya zama limami, ya karantar, ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa a kan zuwan Nasara da talauci da annobar murar 1918. Wani jami'in Jamus, Adam Mischlich, ya zauna gabansa ya koyi Hausa, ya sa shi ya rubuta tarihin ƙasashen Hausa da ajami, kuma shi Mischlich ɗin ya fitar da ƙamus na Hausa a 1906. Malamin ya rasu a Kete a 1934. Wani yanki mai yawa na abin da masana ke karantawa yau game da rayuwar Kano da Sakkwato ta ƙarni na 19, a wannan lungu na bakin Volta aka rubuta shi.

Bayan an sallame na gaisa da liman, na faɗi abin da ya kawo ni. Aka nuna mini wani tsoho a sahun gaba, siriri, da farin gemu da carbi mai manyan ƙwayoyi. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa goro. Ya karɓa ya sa albarka, ya tambayi gidanmu da unguwarmu. Da na ce Agalawa sai ya yi murmushi, ya ce kakansa Bakatsine ne, shi kuwa bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, iyakarsa Tamale.

"Baba, so nake a nuna mini inda Malam ya zauna, ko da zauren da ya karantar ne."

Ya ɗauki sandarsa ya ce, "Taso, ɗana."

Muka bi wata hanya da ta bar layukan gidaje ta gangara ta cikin gonakin rogo. Tafiyarsa a hankali take, yana tsayawa yana gaisawa da mutane da harshe biyu ko uku. Mun wuce ragowar wani ginin dutse na zamanin Jamusawa a kan tudu, katangu masu kauri, ciyawa ta fito a tsagoginsu. Ya nuna shi da sanda bai tsaya ba, ya ce su sun gina nasu a sama shi ya sa ya tsira. Da muka kai inda ƙasa ta ƙare, ya tsaya ya miƙa sandar kan ruwa.

"Ga Kete can."

Ba komai a wurin sai ruwa da hazo da kan wasu kututture, da wani kwalekwale guda can nesa.

Muka zauna a kan wani dutse, ya ba ni labari. Yana makarantar allo lokacin da ma'aikatan gwamnati suka zo suna ƙirga ɗakuna suna shafa lamba a jikin gidaje. Suka ce an datse kogi a Akosombo, ruwa zai zo har nan. Manya da yawa ba su yarda ba. Kogin yana can ƙasa a kwarinsa tun kaka da kakanni, Akosombo kuwa tafiyar kwanaki ce, ta yaya ginin da aka yi a can zai kawo ruwa ƙofar gidan mutum? Ya ce ruwan bai zo da hargowa irin ta ambaliya ba. Kullum in an tashi sai a ga ya ɗan matso, ya ci gonar wane, jibi ya ci ta wane. Macizai da ɓeraye suka riga mutane hawowa tudu. Daga baya motoci suka zo aka kwashe su. Mahaifinsa yana da gida mai zaure da ɗakuna da yawa, da mata biyu da 'ya'ya da almajirai, aka ba shi ɗaki ɗaya da rufin da aka ce ya ƙarasa sauran da kansa.

"Ɗaki ana ginawa," in ji shi. "Mun gina. Amma kabarin kakana yana nan ƙasa, da rijiyarmu, da masallacin da na fara sallah. In na zo nan na yi musu addu'a, ruwa nake kallo."

Ban sami abin cewa ba. Na san alƙaluman tun kafin in zo: an fara ginin madatsar a 1961, ruwa ya fara taruwa a 1964, Kwame Nkrumah ya buɗe ta a farkon 1966. Tafkin ya rufe kusan murabba'in kilomita 8,500, ya tashi mutane wajen 80,000 daga garuruwa da ƙauyuka kimanin 700, aka tara su a sababbin matsugunai 52. Wutar da aka samu ta tafi masana'antar narkar da alminiyum ta Tema da biranen kudu, har Togo da Benin ana sayar wa. Ba zan ce kada a yi madatsa ba, ƙasa tana bukatar wuta, kuma tafkin nan yana ciyar da dubban gidaje da kifi. Amma wanda ya biya kuɗin da gidan ubansa ya kamata a riƙa ambatonsa duk lokacin da aka ambaci aikin, kuma ba a cika yi ba.

Ina zaune a kan dutsen nan wani abu ya faɗo mini. Mu ma a gida haka aka yi. Madatsar Kainji da aka gama a 1968 ta haɗiye tsohuwar Bussa, aka gina wa mutanenta sabuwa a tudu, kuma yankin nan na Bussa da Yawuri yana cikin mashigan da ayarin Gwanja ke tsallake Kwara. Ke nan hanyar da kakan mahaifina ya bi da jakunansa, mashigarta ta can da masaukinta na nan duk ruwa ya rufe su cikin shekara huɗu. Na faɗa wa tsohon. Ya jinjina kai, ya ce bai taɓa ji ba, ya sa na maimaita masa sunan garin sau biyu.

Na tambaye shi ko ana tuna Malam a nan. Ya ce ana yi, zuriyar ɗalibansa suna ko'ina a zangunan Ghana, daga Kumasi har Accra, kuma malamin da ya karantar da shi kansa ɗalibin wani ɗalibinsa ne. Sai ya rufe ido ya rera baiti biyu. Karin ba daidai yake da na kakana ba, nasa ya fi jan sauti, amma kalmomin su ne. Tsigar jikina ta tashi. Na karɓa masa baiti na gaba da na tuna, ya buɗe ido ya kalle ni, muka ƙarasa tare har inda ƙwaƙwalwata ta tsaya, shi ya ci gaba shi kaɗai.

Kwalekwalen da ke nesa ya matso kusa da gaɓa. Babba ɗaya ne a ciki da yara biyu, ƙaramin bai fi shekara tara ba. Ragarsu ta maƙale a kututture, sai na ga yaron ya tuɓe riga ya faɗa ruwa ya nutse. Na ƙirga numfashina har ya ɓullo. Tsohon ya ce haka ake yi, itatuwan da ke ƙasa suna cin raga, yara ake turawa su kwance ta, kuma ba kowane yaro ne ɗan mai kwalekwalen ba, wasu daga nesa ake kawo su, wasu kuma ba sa fitowa. Ya ce limamai da fastoci da hukuma duk suna magana a kai. Yaron ya hau ya zauna yana rawar sanyi, ko kallon gaɓa bai yi ba. Har yau in na tuna Kete, fuskarsa na cikin abin da ke fara zuwa mini.

Mun yi la'asar a wani ɗan masallaci na kwano a hanyar dawowa. Muna fitowa na ji ƙahon jirgi daga ƙasa, dogo, sau ɗaya. Na ce zan raka shi gida tukuna, ya ce a'a, jirgi ba ya jiran mai rakiya. Ya laluba aljihu ya fito da goro ɗaya cikin waɗanda na ba shi, fari, ya ɓare shi biyu, ya ba ni ɓari ya riƙe ɓari.

"In ka koma ka gaida Kano. Ka ce mutanen Kete suna nan."

"Za su ji, Baba. A sa mu a addu'a."

Na gangara da sauri, ina wuce masu banda da suka fara kwashe kifi daga wuta. Akwatunan sun cika har sama, jirgin ya ƙara nutsewa cikin ruwa, ana ta ɗaure na ƙarshe. Hajiya mai doya tana zaune a kan jakata, ta ce ta ɗauka garin ya riƙe ni. Ba mu tashi ba sai dab da magariba.

Da jirgin ya juya hanci kudu na koma gefen da ke kallon inda tsohon ya nuna da sanda, na tsaya jikin ƙarfen. Ruwan ya yi launin toka, shiru, sai ƙarar inji. Na karanta Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya na yi wa na ƙasa addu'a, da kakan tsohon, da duk wani bafatake da ya kwanta a nan bai koma gida ba. Hajiya ta zo ta tsaya kusa da ni ta tambayi abin da nake kallo. Na faɗa mata. Ta ɗaga hannu ta shafa tare da ni, ta ce shekara goma sha tana bin hanyar nan, ba wanda ya taɓa gaya mata akwai gari a wurin.

Ɓarin goron ban ci ba. Na naɗe shi a jiƙaƙƙen hankici, ina yayyafa masa ruwa a hanya kamar yadda na ga ana yi wa huhu a kasuwar goro ta Mariri, ya bi ni Akosombo da Accra da Legas. Ya ɗan yi ja a gefe kafin in kai shi hannun mahaifina.